Hatsi yana mutuwa, iri ne magajinsa

Ƴan uwa manoma na Korgom da sauran ƙasar Tasawa da Mayahi, mu yi shawara a kan iri.

Gawo da kuka suna shekaru masu yawa a gona. Hatsi da dawa da wake ba haka suke ba. Rayuwarsu damana guda ce. Idan an shibka hatsi bayan ruwa, yana tsira cikin kwana 3 zuwa 5. Sai ya yi kara, ya yi ciki, ya fid da kai, ya yi bununi, ƙwaya ta kama, ta nuna. Daga nan kara ya bushe, saiwa ta mutu. Ƙwaya kaɗai ke saura da rai. Irin HKP na cibiyar binciken noma ta INRAN yana gama wannan tafiya cikin kamar wata 3. Zango ya fi shi daɗewa.

Saboda haka ra'ayina shi ne, iri ba cimaka ba ne. Bayan fari da fara na 2004, yunwar 2005 ta sa gidaje da yawa a jihar Maraɗi cinye irinsu. Wanda ya auno iri a kasuwa bai san abin da ya shibka ba. Idan mai daɗewa ne, ruwa yana iya ɗaukewa tun yana ciki.

Wani zai ce, yaya zan aje hatsi, yara suna kukan yunwa? Tambaya ce mai nauyi. Amma tiya 4 ta isa shibkar eka guda. Abincin kwana kaɗan ne, alhali ita ce rumbun baɗi.

Zaɓen iri a gona ake yin sa, kafin girbi. A zaɓi zangarniya cikakka, wadda tsutsa ba ta taɓa ba, daga tsakiyar gona. A shanya ta, a ɗaure daminta daban. Kafin damana, a ƙirga ƙwaya 100, a sa a jiƙaƙƙen ƙyalle. Idan wajen 80 sun tsira, irin yana da kyau. Irin zamani kuwa a sabunta shi bayan kamar shekara 3, domin iska tana kawo bununi daga gonar maƙwabci, ya gauraya.

Ƙuduji ma rayuwarsa damana guda ce, shi ma iri yake bari. Gindi guda yana zubar da ƙwaya dubbai, kuma suna iya jira cikin ƙasa fiye da shekara 10. Wanda ya cire shi bayan ya zubar da ƙwaya ya makara. A tumɓuke shi da zarar ya fara fure, a fitar da shi daga gona, a ƙone.

Bana, kowane mai gida ya ware damin iri kafin ya auna na kasuwa ko na biki. Allah ya ba mu damana mai albarka.