Sharhi: Cutar Lufus da Lalacewar Ƙoda

Lufus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa jikin da ya kamata ta kare. Ba a ɗaukarta daga wani, kuma babu ruwanta da sammu ko iska. Tana taɓa fata da gaɓoɓi da jini da huhu da zuciya, amma ɗaya daga cikin wuraren da ta fi yi wa mummunar ɓarna shi ne ƙoda. Cikin masu ita goma, tara mata ne, akasarinsu 'yan shekara 15 zuwa 45, wato shekarun aure da haihuwa. Kusan rabin manyan da ke da cutar tana kai wa ga ƙodarsu, kuma a yara abin ya zarce haka.

Kowace ƙoda tana ɗauke da ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, masu aiki kamar rariya: su fitar da datti da ruwan da ya yi yawa, su riƙe furotin da ƙwayoyin jini. A jikin mai lufus, sinadaran da garkuwa ke ƙerawa suna dunƙulewa su maƙale a matatan, wurin ya kumbura, furotin da jini su fara zurarewa cikin fitsari. Idan kumburin ya daɗe sai ya zama tabo, kuma matatar da ta yi tabo ta mutu ke nan, babu maganin da zai dawo da ita.

Wannan ɓarna ba ta zuwa da ciwo. Mace za ta yi watanni ƙodarta na lalacewa ba ta ji ko ɗar ba. Alamun da ke fara fitowa su ne fitsari mai kumfa da ba ya kwanciya, kumburin fuska da safe, kumburin ƙafafu da yamma, hawan jini ga yarinyar da ba ta kai shekarun hawan jini ba, wani lokaci kuma fitsari ya yi duhu. Kafin nan, ita lufus ɗin ta riga ta nuna kanta ta wasu hanyoyi: zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, ciwon gaɓoɓin hannu, zubewar gashi, gyambon baki, kasala, ƙurji a kumatu da karan hanci, ko ɓari a kai a kai. A baƙar fata ƙurjin ba lallai ya yi ja ba, yakan fito da duhu ko ya bar dabbare-dabbare. Shi ya sa ake shafe shekara ana shan maganin maleriya da na taifot da na sanyin ƙashi, ƙodar kuwa tana ta lalacewa.

An daɗe ana ɗaukar cewa cutar ba ta dami Afirka ba. A shekarar 1968 Brian Greenwood, wani likita ɗan Ingila da ya yi aiki a Ibadan, ya wallafa cewa cututtukan da garkuwa ke yaƙar jiki ba su da yawa a tsakanin 'yan Nijeriya. Da likitocin gaɓoɓi suka ƙaru kuma kayan gwaji suka samu, sai ga masu lufus suna bayyana a asibitocin koyarwa na Legas da Zariya da Kano. A Amurka da Ingila an tabbatar da cewa ta fi kama baƙar fata, kuma ta fi tsanani a ƙodarsu. A 2010 masu bincike suka gano wasu nau'o'in ƙwayar gado mai suna APOL1, waɗanda suka yawaita a Yammacin Afirka. Suna ba da kariya daga wani nau'in ciwon barci da ƙudan tsando ke yaɗawa, amma wanda ya gaje su daga uwa da uba ƙodarsa ta fi saurin gazawa.

Gano cutar yana farawa da gwaji mafi araha a asibiti: ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari, irin wanda ake yi wa mata a wajen awon ciki, wanda cikin minti ɗaya ko biyu zai nuna furotin ko jini. Daga nan sai awon hawan jini, da gwajin jini na ƙarfin ƙoda, da gwaje-gwajen garkuwa da ake kira ANA da makamantansa. Abin da ke yanke hukunci shi ne a ciro ɗan tsokar ƙoda da allura a duba. Tun 2003 likitoci suka raba abin da ake gani zuwa aji 6. Aji na 3 da na 4 su suka fi haɗari kuma suke buƙatar magani mai ƙarfi cikin gaggawa, aji na 5 ya fi zubar da furotin, aji na 6 kuwa ƙoda ce da tabo ya riga ya cinye.

Ba a warkewa daga lufus kwata-kwata, amma ana kwantar da ita har mutum ya yi shekaru yana harkokinsa. Ginshiƙin maganin shi ne haidiroksikulorokwin, ɗan'uwan kulorokwin da kowa ya sani, wanda mai shansa zai riƙa zuwa gwajin ido. Ana haɗa shi da firednisolon, da ɗaya daga cikin magungunan rage kaifin garkuwa, maikofenolet ko saikulofosfamaid, sannan maganin hawan jini mai rage zubar furotin. Amurka ta amince da ƙarin magunguna biyu don ƙodar masu lufus, belimumab a Disamba 2020 da bokulosforin a Janairu 2021, amma tsadarsu ta fi ƙarfin talaka. Magani na shekaru ne, kuma babban abin da ke mayar da hannun agogo baya shi ne a daina sha don kumburi ya saɓe.

Maganar ciki tana da nauyi a inda ake sa ran amarya ta haihu cikin shekara. Maikofenolet da saikulofosfamaid suna nakasa ɗan tayi, haka ma wasu magungunan hawan jinin. Likitoci suna ba da shawarar a jira cutar ta lafa na aƙalla wata 6, a sauya magani zuwa irin su azatiyofirin, sannan a ɗauki ciki. Wanda aka ɗauka cutar na tashe yakan zo da jijjiga ko bakwaini ko ɓari. Nan fahimtar miji da uwar miji ta zama wani ɓangare na jinyar.

A ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa na Jihar Kano, yanayin rayuwa yana ƙara wa lamarin wuya. Hasken rana yana tayar da lufus, alhali yankin na noma ne, daga masu noman rani a ƙarƙashin madatsar Tiga zuwa masu shinkafa da masara a Tudun Wada, kuma mata da 'yan mata suna wuni a rana wajen roro da casa da talla. Malafa da sutura mai rufe hannu da kauce wa ranar tsaka suna da amfani sosai. Sai kuma kemis. Mai ciwon gaɓoɓi yakan sayi daikulofenak ko ibufurofen ya yi ta sha, su kuwa suna ƙara raunana ƙodar da ta riga ta jigata. Haɗin da ake ƙullawa a leda, da ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, sukan danne alamun cutar na ɗan lokaci har a ɗauka an warke. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba su ma ta ƙodar suke bi.

Nisa shi ne na uku. Ƙwararrun ƙoda da na gaɓoɓi suna Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, wanda ya fara dashen ƙoda a 2002, da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Mutumin Riruwai da ke Doguwa sai ya ratsa dajin Falgore ya fito Kwanar Dangora kafin ya kama hanyar Kano. Tsakanin kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari na waɗanda lufus ta kai ga ƙodarsu, ƙodar takan gaza gaba ɗaya, kuma wankin ƙoda sau uku ake so a mako, kowane zama kusan awa huɗu. Iyalin da ke Doguwa ba za su iya ɗaukar wannan zirga-zirga na tsawon lokaci ba, ko da sun sayar da gona da shanu.

Saboda haka aikin da ya fi muhimmanci a ƙananan asibitocin yankin yake. Ya kamata hukumomin lafiya na Jihar Kano su wadata kowane asibitin sha-ka-tafi da tsinken gwajin fitsari da na'urar awon hawan jini, su kuma horar da ma'aikata su tura duk matashiyar da ta haɗa ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi da kumburi zuwa babban asibiti ba tare da jinkiri ba. Wadda aka riga aka tabbatar tana da lufus kuwa, a gwada fitsarinta duk bayan wata 3 zuwa 6, ko da tana jin garau.