Ra'ayinmu: An Rufe Hanya, Ina Tanadin Mai Komawa Gida?

Duk dokar da za ta hana mutum zuwa gidan ubansa, wajibi ne ta faɗa masa inda zai kwana da abin da zai ci. Wannan shi ne darasin da muke ganin annobar korona ta bar wa Jihar Kano, kuma shi muke so 'yan'uwanmu ɗalibai da matasan ma'aikata su riƙe, domin gobe a hannunsu alƙalamin rubuta irin waɗannan dokoki zai kasance.

Bari mu tuna yadda abin ya gudana. A ran 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Nijeriya, a Legas. Kafin watan Maris ya ƙare an hana jiragen ƙasashen waje sauka a Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano da sauran filayen ƙasar, Gwamnatin Kano kuma ta rufe iyakokinta da jihohin maƙwabta. A ran 11 ga Afrilu aka sami mutum na farko a Kano. A ran 27 ga watan, Shugaba Muhammadu Buhari ya ba da umarnin kulle Kano, ya kuma sanar da hana zirga-zirga tsakanin jihohi, dokar da ba a ɗage ba sai 1 ga Yuli. Iyakarmu da Jamhuriyar Nijar kuwa dama a rufe take tun Agusta 2019 saboda fasa-ƙwaurin shinkafa, ba a buɗe mashigin Maigatari da na Illela ba sai Disamba 2020.

Ba mu ce kada a killace kowa ba, ko kusa. Rigakafi ya fi magani, kuma tarihi ya nuna Halifa Umar ya juya daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba a can. Waɗanda suka ga yadda maƙabartun birnin Kano suka cika a watan Afrilu 2020 ba za su ɗauki maganar da wasa ba. Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa mutum 979 ne aka ƙidaya sun rasu a ƙananan hukumomi takwas na birnin cikin 'yan makonni, kuma ana jin rabinsu ko fiye cutar ce ta yi ajalinsu. Saboda haka taƙaita tafiye-tafiye yana da hujja. Abin tambaya a nan shi ne: da wane irin matafiyi a zuci aka rubuta dokar?

Amsar a fili take. Da aka sake buɗe filayen Legas da Abuja a ran 5 ga Satumba 2020, an shimfiɗa wa mai shigowa ƙa'idoji dalla-dalla: ya yi gwaji kafin ya taso, ya cike takarda ta intanet, ya biya kuɗin gwaji na biyu, ya keɓe kansa kwana bakwai. Kuɗin gwajin nan a farko ya haura naira 40,000, alhali a lokacin mafi ƙarancin albashin wata naira 30,000 ne. Kafin wannan, 'yan ƙasa da aka kwaso daga Dubai da Saudiyya a watan Mayu an ajiye su a otal-otal na Legas da Abuja kwana 14. Ƙa'idojin suna da tsanani da tsada, amma dai mai fasfo ya san abin da ake nema gare shi, ya san ranar da zai ga 'ya'yansa. Hukuma ta yi tunaninsa.

To, mu juya arewacin Kano, mu dubi Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Minjibir da Dawakin Tofa. Wannan yanki yana cikin ƙasar noman da masanin nan Michael Mortimore ya yi shekaru yana nazari tun daga 1960 da 'yan kai, ya nuna cewa yawan jama'a ya sa babu gonar da ake bari ta huta. Gona tana jikin gona, kowace shekara sai an kai taki an shuka gero da dawa da wake da gyaɗa. Gādo ya tsattsaga filaye, abin da ke rumbu ba ya kai gida da yawa kaka mai zuwa. Don haka da an gama girbi sai samari su kama hanyar ci-rani: Legas, Fatakwal, Anaca, Abuja. Wasu suna Makka da Jidda shekara da shekaru. Wasu kuma ƙanwar uwarsu tana Damagaram, 'yarsu tana aure a Magarya. Waɗannan su ne mazauna wajen wannan ƙasa tamu, ko da yawancinsu ba su taɓa riƙe fasfo ba.

Dokar ta faɗo musu a mafi munin lokaci. Azumi ya kama a ƙarshen Afrilu, Ƙaramar Salla ta zo a ƙarshen Mayu, ruwan shuka kuma yana tafe a Yuni. Mai acaɓa ko mai tura ruwa a Legas, an rufe kasuwar da yake samun na abinci, an kuma rufe hanyar da zai koma ya yi shara ya kai taki. Damina ba ta jiran sanarwar gwamnati. Wanda bai yi shuka a kan kari ba, shi da iyalinsa za su ji a jikinsu har shekara ta zagayo. Me aka tanadar masa? Babu wata takardar izini da ya san inda zai karɓa, babu masaukin killacewa a ƙaramar hukumarsa, babu wanda ya ce masa ga ranar da za ka wuce. Shinge kawai aka gitta masa.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jaridu sun yi ta kawo labarin mutanen da aka kama ɓoye a cikin manyan motocin kayan abinci da na shanu, domin su ne doka ta yarda su wuce. Wasu sun bi hanyoyin daji a kan babura. Ke nan mutumin da aka hana tafiya don kada ya yaɗa cuta ya yi tafiyar, a cunkushe da wasu, ya shiga ƙauye cikin dare ba wanda ya duba shi, kuma ba zai yarda ya ce daga ina ya fito ba. Dokar da ba ta da ƙofa, ɓarauniyar hanya take haifarwa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne batun almajirai. A daidai lokacin da aka ce kowa ya zauna inda yake, gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. Aka yi ta lodin yara daga Kano zuwa Jigawa da Kaduna da Katsina, wasu jihohin ma suka aiko wa Kano nata. Da aka gwada waɗanda suka isa Kaduna da Jigawa, aka sami da dama ɗauke da cutar. Daga baya ne aka riƙa ajiye su a sansanoni ana gwada su. Da tun farko aka fara da killacewa sannan tafiya, da an rage ɓarna. Wannan ya nuna ana iya buɗe masauki in an ga dama.

Mun lura kuma da yadda muryoyi suka tashi a Disamba 2021, sa'ad da Ingila ta sa Nijeriya cikin jerin ƙasashen da matafiyansu za su zauna otal kwana goma a kan fam 2,285. Ministoci suka yi tir, kuma cikin kwana goma Ingila ta soke jerin. Mun yarda an yi mana rashin adalci a nan. Amma wa ya yi wa ɗan ci-ranin Kunci magana da irin wannan zafi?

Mu dai a ra'ayinmu, tun ran gini ran zane. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓaci kan korona a ran 5 ga Mayu 2023, amma sanƙarau da kwalara da mashaƙo ba su daina ziyartarmu ba, wata babbar annobar kuma ba ta sallama. A 2020 da Dokar Killacewa ta 1926 aka yi aiki, ta zamanin Turawa. Muna kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da Ma'aikatar Lafiya su tsara abu uku tun yanzu. Na ɗaya, kada a rufe hanya sai an ba da wa'adin kwanaki da mutane za su koma gida a fili, ana rubuta sunayensu a tasha. Na biyu, kowace ƙaramar hukuma ta san makarantar da za ta zama masaukin masu dawowa, da ruwa da abinci kyauta, dagatai da masu unguwanni su riƙe rajista, tunda su suka san ɗan wane ya iso. Na uku, a yi yarjejeniya da hukumomin Damagaram da Maraɗi kan masu zuwa jana'iza da jinyar iyaye, domin zumunci a ƙafa yake.

'Yan'uwa ɗalibai, da yawanmu kuɗin makarantarmu daga gumin ɗan ci-rani ya fito. Ranar da aka ɗora mu a kan tebur aka ce mu rubuta doka, mu tambayi kanmu: wanda ba shi da fasfo, ta ina zai bi ya isa gida? Allah ya kare mu daga annoba, ya ba mu shugabanni masu tuna na ƙasa, amin.