Madubin bindiga na sefa miliyan 2: buƙata ce ko burga?

Duk mai bibiyar bidiyon mafarautan Amurka da Turai a YouTube ya san abin da suka fi yawan musu a kansa: madubin hangen nesa da ake ɗaurawa a kan bindiga. Wasu ƴan uwanmu mazauna can, da doka ta ba su izinin farauta ko harbin gasa, su ma sun shiga wannan musu. Shin madubi mai tsada ya cancanci kuɗinsa?

Bari mu fara da lissafi. Manyan madubai na kamfanin Swarovski na Ostiriya, ko Zeiss da Schmidt & Bender na Jamus, suna kaiwa Yuro 3,000, wasu ma su zarce. Tunda Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, kusan miliyan 2 ke nan. Alhali Vortex da Leupold na Amurka suna sayar da madubai masu inganci a kan ɗaruruwan dalar Amurka kawai.

Gaskiya ne, tsadar tana da dalili. Gilashi mai kyau yana barin haske mai yawa ya ratsa, hoto ya fito tas da asuba ko almuru. Shi ya sa mafarautan Jamus, da ke dakon aladen daji cikin duhu-duhu, suke son madubi mai faɗin baki milimita 56. Na biyu kuma maɓallan saiti ne. A madubai da yawa, murɗawa ɗaya tana gusar da saiti santimita 1 a nisan mita 100. Mai gasar harbi a mita 800, inda harsashi ke sauka ƙasa da mitoci da dama, yana murɗa maɓallin sau da yawa, kuma dole ya dawo daidai inda yake. Ga irin wannan mutum, araha ba ta ado.

To amma mutum nawa ne ke irin wannan harbi? Wanda ke farautar barewa da rana a nisan mita 100 ko 200, madubi matsakaici ya ishe shi. Abin da ke sa shi kuskure yawanci rawar hannu ne, da gaggawa, da rashin sanin iska. Babu gilashin da ke gyara waɗannan. Haɗarin ma shi ne, mai sabon madubi yana ganin dabba kamar a gabansa take, sai ya harba daga nisan da ya fi ƙarfinsa. Dabbar ta tsere da rauni, ta je ta mutu cikin wahala.

A ganina, wanda ke da Yuro 3,000 ya sayi madubi na 600, ya samu maɗauri mai ƙarfi, ya kashe wani kaso a horo da atisaye a filin harbi mai lasisi. Sauran kuwa, akwai iyaye a Maraɗi, Damagaram ko Tawa da ke jiran kuɗin hatsi da na makarantar ƙanne.

Ga matasanmu na gida, a tuna cewa a Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, farauta ma dokar 1998 ce ke tsara ta. Mai sha'awar ganin namun daji kusa-kusa, madubin hannu mai ido biyu zai biya masa buƙata, kuma gobe ya sake tarar da barewar da ranta.