Baƙo Raɓa Ne: Wa Zai Tsaya Bakin Gado Idan Sun Tafi?



Tun 2007 wata tawagar likitoci da ma'aikatan jinya daga asibitin yara na Boston a Amurka ta fara zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mu a Kumasi muke kira Gee, domin yi wa yara tiyatar zuciya kyauta. Akwai kuma masu zuwa ɗinke tsagaggen leɓe. Sun bar iyalansu, sun ƙetare teku saboda 'ya'yan da ba su haifa ba. Butulu ne kaɗai zai raina wannan.

Amma baƙo raɓa ne. Tiyata aikin sa'o'i ce, jinya kuwa ta makonni. Bayan jirginsu ya tashi, wa zai wanke rauni, ya lura da zazzaɓi cikin dare, ya fahimtar da uwa yadda za ta ba da magani? Ma'aikaciyar jinya ta gida ce. Ita kuwa tana haɗa kayanta: a 2022 kaɗai, ma'aikatan jinya 'yan Ghana fiye da 1,200 suka shiga rajistar aiki a Ingila.

Ban ga laifin wanda ya fita neman halalinsa ba. Kakanninmu ma fataucin goro ya kawo su nan. Abin da nake roƙo shi ne, 'ya'yanmu da ke jinya a Landan da sauran birane su ware mako guda cikin hutunsu, su nemi izinin hukuma, su shiga irin waɗannan tawagogi. Tsohuwar da ta zo daga arewa, ba Turanci ba Tonanci, idan ta ji an ce mata "sannu, Inna", sai ta faɗi abin da ta ɓoye wa likita.

Mu ma a Dichemso muna da namu laifin. Har yanzu akwai mai ɓoye jariri a ɗaka saboda tsagaggen leɓe, alhali tiyata na gyara shi. Akwai mai hana 'yarsa karatun jinya saboda aikin dare, sa'an nan ya yi fushi idan namiji ya duba matarsa. Rufayda al-Aslamiyya ta yi jinyar masu rauni a Madina, a zamanin Manzon Allah (SAW). Wa ya fi su sanin addini?

Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Mu gode wa baƙi, mu kuma tura 'ya'yanmu makarantar jinya. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.