Al'ummar da Ba Ta da Iyaka: Daga Sabon Badun Zuwa Zauren Jami'a

Jama'a, a wannan mako za mu duba asalin wata kalma da ta shiga bakin 'yan siyasa da ma'aikatan gwamnati, watau "dayasfora". Kalmar Girkanci ce mai nufin warwatsuwa, kuma da can Yahudawa aka fi nufi da ita. A 1965 ne wani shaihun malamin tarihi ɗan Birtaniya, George Shepperson, ya yi amfani da ita a kan baƙar fata mazauna ƙetare, a taron masana tarihin Afirka da aka yi a Darussalam ta Tanzaniya.

Amma abin da ya fi shafarmu ya faru ne a nan gida. A 1962 da 1963 wani masanin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun yana nazarin Hausawa fataken shanu da goro. Ya ga yadda maigida ke saukar da baƙo, ya sama masa mai saye, ya kuma tsaya masa a kan bashi, alhali babu takarda babu kotu, sai amana. Ya ga yadda Sarkin Hausawa ke yanke hukunci, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ƙara ɗaure mutanen wuri ɗaya. Littafinsa ya fito a 1969, daga bisani kuma ya bayyana irin waɗannan zangogi da cewa al'umma ɗaya ce wadda garuruwa suka raba, amma kowane sashe yana dogara da ɗan'uwansa. Philip Curtin ya ɗauki wannan ra'ayi a 1984 ya auna fataken duniya da shi, har da Armeniyawa da Sinawa. Ashe dai dillalin kara ya koyar da jami'a bai sani ba!

To, a nan ne gizo ke saƙar. A cikin 1969 ɗin nan gwamnatin Busia ta Ghana ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su fice, aka kwashe mutanen zango, har da waɗanda aka haifa a can. Mu ma a 1983 muka yi wa Ganawa haka. Ƙungiyar Tarayyar Afirka kuwa tun 2003 ta buɗe ƙofa ga jikokin bayin da ke Amurka da Barazil, abin da a ganina ya dace ƙwarai.

Sai dai ina makomar yaron Sabo? Tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, sun ɗaure zama ɗan jiha da asalin iyaye ko kakanni. Unguwar tana nan tun 1916, amma jikan wanda ya kafa ta, in zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati, sau da yawa sai ya hau mota zuwa Kano ko Katsina neman takardar shaidar ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana a cikinta ba.