Ra'ayinmu: Wutar Dajin Falgore Ta Shafi Ƙofar Ruwa



Hunturu ya kankama, ciyawa ta bushe ƙayau, iska sai kaɗawa take daga gabas. A irin wannan lokaci, duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Jos ya ratsa Dajin Falgore yakan ga gefen titi ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi daga gindin duwatsu. Mu a ƙungiyar 'yan jarida ta wannan makaranta muna ganin wannan wuta ta shafe mu kamar yadda ta shafi mutanen Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, duk da cewa tsakaninmu da dajin akwai kimanin kilomita 150.

Ga dalilinmu. Ta cikin dajin Kogin Kano yake biyowa kafin ya zuba a madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Daga Tiga ruwan ke gangarowa gonakin rani na Kadawa da Kura, inda shinkafa da tumatirin kasuwanninmu suke fitowa, ya kuma isa matatar ruwa ta Tamburawa mai ba birni ruwan famfo. In wuta ta cinye ciyawa da ƙananan bishiyoyi a kan tudu, ƙasa takan rasa abin da zai riƙe ta. Ruwan farkon damina sai ya kwashe ta haɗe da toka ya kai kogi, laka ta taru a cikin dam, ruwan da yake iya ɗauka ya ragu.

Yawancin wutar daji mutum ne ke cinna ta. Mafarauci yakan sa wuta don ya koro zomo ko gafiya. Mai ɗibar zuma yakan yar da bakin wutarsa ya tafi. Makiyayi yana son sabon toho ya fito wa shanu, mai gawayi ya bar raminsa a buɗe, matafiyi ya wurgo guntun sigari ta tagar mota. Wutar kan dutse kuwa ta fi ta fili haɗari, domin ta fi gudu in tana hawa sama: zafinta yana busar da ciyawar da ke gabanta tun kafin ta iso. Ga shi motar kashe gobara ba ta hawa dutse.

Shi ya sa masu aikin daji suke yanke wa wuta hanya. Ana share wani layi mai faɗi da fartanya da adda, a kwashe ciyawa da ganye har ƙasa ta bayyana, in wuta ta iso ta rasa abin ci. Sai a bi gefenta ana bugu da ɗanyen ganye ana zuba ƙasa. Amma aikin da aka fi mantawa shi ne na bayan harshen wutar ya kwanta. Kututture da busasshen kashin shanu suna iya riƙe garwashi a ciki, iska na tasowa su sake kamawa. Dole a bar masu gadi suna zagayawa, suna tone duk inda hayaƙi ke fita, har toka ta huce.

Ƙasar Tanzaniya ta ga irin wannan a watan Oktoba na 2020, lokacin da wuta ta kama a Dutsen Kilimanjaro, dutse mafi tsawo a Afirka. An yi kwanaki ana fama, kuma cikin ɗaruruwan da suka fito aikin har da ɗaliban kwalejin kula da namun daji ta Mweka. Yawan hannu da sa ido ne suka yi aiki a wurin.

Wani zai ce ƙunar daji tsohuwar al'ada ce, ba mai iya hana ta. Mun yarda makiyayi na da buƙatar toho. To amma wutar da aka sa da kaka, ciyawa na da sauran danshi, an share iyaka, mutane na tsaye a kanta, ba ɗaya take da wadda aka cinna tsakiyar hunturu aka juya baya ba.

Don haka muna kira ga gwamnatin jiha da ƙananan hukumomin nan uku su riƙa share layukan kariya kafin ciyawa ta gama bushewa. A haɗa kai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan Fulani da mafarauta, a kafa masu sintiri da za su kai rahoto da zarar sun hango hayaƙi. A yau taurarin ɗan'adam na hukumar NASA suna nuna inda wuta ke ci, kuma kyauta ake duba bayanan a intanet. Bai kamata a ce babu mai dubawa domin Falgore ba.

Mu ma da namu aikin a gida. Ba mu manta gobarar Kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna. Unguwarmu kasuwa ce, cike da taya da fenti da katako. Kada mu sa wa bola wuta mu wuce makaranta. In mun ji ɗumi da asuba, mu zuba wa garwashin ruwa, mu tona mu tabbatar ya mutu. In mun ga wuta ta fi ƙarfin guga, mu gaya wa manya, a kira Hukumar Kashe Gobara ko lambar gaggawa ta 112.

Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyaye mu da dazuzzukanmu da kasuwanninmu daga gobara, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta makaranta.