Ayvalik: an gyara gine-ginen, saura sunayen masu su

Tun shekarar 2024 ƙasar Girka ta fara bai wa Turkawa bizar kwana bakwai a bakin tashar jirgin ruwa, su shiga wasu tsibiranta guda goma, ciki har da Lesbos. 'Yan jarida sun fi kallon abin ta fuskar kuɗin yawon buɗe ido. Ni kuma hankalina ya tafi ne kan garin da jiragen Lesbos suke tashi daga cikinsa, wato Ayvalik, a gaɓar yammacin Turkiyya. Tafiyar kamar awa ɗaya da rabi ce. Cikin fasinjojin nan, masu zuwa da masu dawowa, akwai waɗanda garin kakanninsu za su gano.

Jama'a, har zuwa 1922 kusan duk mazauna Ayvalik Girkawa ne Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks, a ƙarƙashin daular Usmaniyya ta Turkiyya. Suna kiran garin Kidoniyes. Su suka gina masana'antun man zaitun da na sabulu waɗanda har yau suke tsaye a bakin teku. Sojojin Girka sun mamaye garin a 1919, aka yi yaƙi mai muni wanda kowane ɓangare ya yi ta'asa a cikinsa, Girka ta sha kashi a 1922. Mata da yara suka tsallaka teku, maza majiya ƙarfi aka kora su cikin ƙasa aikin tilas, kaɗan suka dawo. Ɗaya daga cikinsu shi ne marubuci Ilias Venezis, ɗan garin, wanda ya sa wa littafinsa sunan lambar da aka ba shi a can: 31328.

A ranar 30 ga Janairu 1923 aka sa hannu kan yarjejeniyar musayar jama'a a birnin Lozan. Ta shafi Kiristoci kusan miliyan 1.2 daga Turkiyya, da Musulmi wajen 400,000 daga Girka. Da addini aka auna kowa, ba a duba harshen da yake magana da shi ba. Shi ya sa Musulmin tsibirin Kirit, waɗanda Girkanci ne harshensu na gida, suka tsinci kansu a Ayvalik da tsibirin Cunda da ke kusa da shi, tare da Musulmin Lesbos. An ba su gidajen waɗanda suka tafi. Su ma fa 'yan gudun hijira ne, sun baro masallatansu da gonakinsu da kaburburan iyayensu. Kun ga ke nan, wanda ya shiga gidan da wanda ya fita, ciwonsu ɗaya.

A matsayina na ma'aikacin gwamnati, na san yadda takarda take sauƙaƙa abu. A fayil, lissafi ne kawai: mutum kaza sun fita, mutum kaza sun shigo, gida kaza an raba. Fayil ba ya nuna tsohuwar da aka sauke a ƙasar da ake cewa tata ce, alhali ko gaisuwar mutanen wurin ba ta ji.

Yanzu Ayvalik ya zama garin 'yan yawon buɗe ido. Cocin Yohanna ya daɗe da komawa masallaci, ana ce masa Saatli, wato mai agogo, don hasumiyar ƙararrawarsa ce ta zama ta agogo. Cocin Taksiyarhis na cikin gari an gyara shi ya zama gidan tarihi a 2013, takwaransa na Cunda ma haka a 2014. A 2017 yankin masana'antun garin ya shiga jerin wuraren da Turkiyya take neman UNESCO ta amince da su. Duk wannan abin yabo ne, gara gyara da a bari ya rushe.

To amma ra'ayina shi ne gyaran bango rabin aiki ne. Idan za a mayar da tsohon gida otal, a ci kuɗin kyansa, to a rubuta wa ya gina shi, da yadda aka yi ya bar shi, da inda wanda ya gaje shi ya fito. Kuma wannan nauyi yana kan Girka daidai yadda yake kan Turkiyya, don tsofaffin masallatan Lesbos da Kirit su ma suna da masu su.

Na san wani zai ce ai kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, tono tarihi zai ta da maganar mallakar gidaje. Wannan magana gwamnatocin biyu sun rufe ta tun 1930 a yarjejeniyar Ankara. Har ma Venizelos, jagoran Girka, ya miƙa sunan Ataturk don kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1934. Jikan da ya zo da tsohon hoto yana neman wata ƙofa a lungu, gani ya zo yi ya koma. Kuma wa zai fi fahimtarsa kamar mai gidan na yanzu, wanda shi ma kakarsa ta rasu tana zancen Kirit?

Masu ganin cewa raba mutane bisa addini shi ne maganin rikici, don Allah ku dubi garin nan. E, an daina harbi. Amma an haura shekara ɗari, jikoki suna ta sayen tikitin jirgi don su je su taɓa bangon da aka raba kakanninsu da shi. Mafi ƙarancin haƙƙinsu shi ne idan sun isa, su tarar da sunan mutanensu a rubuce.

Allah Ya kiyashe mu da barin gida ba shiri.